SABUWAR MOTA MA TANA ƊINGISHI

(Laccar da wani ɗalibin aji huɗu na Sashen Koyon Aikin Injiniya ya gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai, a daren laccoci na wannan zango.)



Na san akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa. Wani abokina ma cewa ya yi da ni, "Kai da ko keke ba ka da shi, ina ruwanka da ciwon motar da kuɗin tayarta guda ya fi kuɗin makarantarka?" Gaskiyarsa ce, ba ni da keke. Amma na ga wannan ciwo da idona, na kuma ga yadda ya kusa raba wani saurayi da hanyar abincinsa a kan laifin da bai yi ba. Dalilin da ya sa na tsaya a gabanku ke nan. Zan fara da labarin, sa'an nan in yi bayanin ilmin da ke cikinsa, daga bisani mu koma mu ga yadda aka ƙare.

YADDA ABIN YA FARU

A lokacin da aka tura mu koyon aiki na wata shida, ni an kai ni wani gareji ne a Abuja, inda ake da na'urar auna ƙafafun mota. Wata rana da hantsi sai aka shigo da wata mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajera ƙwarai, har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Irinta ce zan riƙa kira motar gudu, wato motar da aka ƙera musamman domin sauri da kaifin shan kwana. Wata biyu ke nan da sauke ta daga jirgin ruwa a Legas, aka ɗora ta a kan tirela aka kawo ta Abuja, kuma tafiyar da ta yi duka ba ta wuce kilomita 3,000 ba. Ledar kamfani ma ba a gama ɓarewa daga jikin ƙofofinta ba.

Mai motar, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya shigo ransa a ɓace. A bayansa akwai yaron da ke kula da motocin gidansa, tsarana ne ko ya girme ni kaɗan, kansa a sunkuye. Alhaji ya jero koke-kokensa. In ya miƙe sitiyari, sai motar ta nufi dama. In yana so ta tafi sak, sai ya karkata sitiyarin zuwa hagu. In ya taka ta a babbar hanya, sai ya ji bayanta yana rawa kamar wutsiyar kifi. Gabanta kuma yana dukan ƙasa da tauri kamar amalanke. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne tayoyin baya, waɗanda gefensu na ciki ya riga ya fara suɗewa.

Shi dai ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: yaron nan ne ya saci jiki ya fita da motar da dare, ya faɗa rami, ya ɓoye. Zai cire kuɗin tayoyin daga albashinsa, sa'an nan ya sallame shi. Yaron ya ce, "Ranka ya daɗe, tun ranar da aka sauke ta haka take." Alhaji ya ce, "Sabuwar mota daga kamfani ta zo da karkatacciyar ƙafa? Ni za ka raina wa hankali?"

To, jama'a, wannan tambaya ta Alhaji ita ce tambayar laccarmu. Kafin a amsa ta sai an san abin da ake nufi da ƙafa ta karkace.

MENE NE DAIDAITA ƘAFA?

Abin da makanikai ke kira alaimen shi ne daidaita yadda kowace ƙafa take tsaye da kuma inda take fuskanta, gwargwadon lissafin da kamfanin da ya ƙera motar ya tsara. Mutane da yawa sukan haɗa shi da balansin, alhali kuwa aiki biyu ne dabam. Balansin shi ne manna 'yar dalma a jikin rim don nauyin taya ya rarrabu daidai, kuma rashinsa ne ke sa sitiyari karkarwa in an kai wani mizani na gudu. Shi kuwa alaimen ba a taɓa taya ko rim a cikinsa. Ƙarafan da ke riƙe da ƙafar a jikin mota su ake tsawaitawa ko a gajarta, har ƙafar ta tsaya inda ya kamata. Kusurwoyin da ake aunawa guda uku ne, kuma da digiri ake auna su.

Na farko shi ne kamba. Ka tsaya a gaban mota ka dubi ƙafafunta. In kawunansu sun ɗan sunkuya ciki, gindinsu ya buɗe waje, kamar tsayuwar mutum mai gwame, to kambar ta karkata ciki ke nan. Ana yin haka da gangan, domin in mota ta shiga kwana jikinta yakan kwanta waje, sai ƙafar da ke waje ta miƙe, tafin tayar ya dafe ƙasa gaba ɗaya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Farashin wannan dabara shi ne, a miƙaƙƙiyar hanya nauyi yakan fi sauka a gefen taya na ciki. In kuma kambar ƙafar dama da ta hagu ba su yi daidai da juna ba, sai motar ta riƙa ja zuwa ɓangaren da ƙafarsa ta fi miƙewa waje.

Na biyu shi ne kasta. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ta keke ba a tsaye yake cak ba, kansa ya jingina baya, gindinsa ya miƙa gaba. Wannan jingina ita ce ke sa yaro ya saki hannu keken ya ci gaba da tafiya sak. Haka ma a mota, kasta ce ke sa sitiyari ya komo tsakiya da kansa bayan an gama shan kwana. Ita ba ta cika cin taya ba, amma in ta ɓangare ɗaya ta gaza ta ɗayan, motar takan ja zuwa ɓangaren da ya gaza.

Na uku shi ne wanda makanikai ke kira to'in da to'awut. Kowa ya dubi ƙafafunsa yanzu. In manyan yatsunka sun fuskanci juna, ƙafafunka sun tsuke. In sun juya wa juna baya kamar na agwagwa, sun ware. Haka ake duban ƙafafun mota daga sama. Wannan kusurwa ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ukun, domin sau da yawa kashi ɗaya ko biyu cikin goma na digiri ake nema, amma ita ce ta fi saurin cinye taya. Dalili kuwa, ƙafar da ke fuskantar wani wuri dabam da inda motar ta nufa, gungurawa take yi ana kuma jan ta a kaikaice a kan kwalta. Ga lissafi mai sauƙi. In ƙafa ta kauce wa hanyar da motar ke bi da rabin digiri kacal, a kowane kilomita guda tamkar an ja ta a kaikaice ne na tsawon mita 8.7. Rabin digirin nan kuwa, a tayar da tsayinta ya kai milimita 650, bai kai bambancin milimita 6 ba tsakanin gabanta da bayanta. Ido ba zai gan shi ba. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Akwai abu na huɗu wanda ke fitowa daga na ukun. Ƙafafun baya su ne ke tsara inda jikin mota ya nufa. In su biyun, a haɗe, sun karkata hagu, sai su riƙa tura bayan motar hagu, hancinta ya juya dama. Direba kuma, ba tare da ya sani ba, sai ya karkata sitiyari hagu don ya gyara, motar ta riƙa tafiya a ɗan kaikaice kamar ƙaguwa. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

ME YA SA MOTAR GUDU TA FI JIN CIWON?

Kowace mota tana bukatar a daidaita ƙafafunta, daga tasi har tirela. Amma motar gudu ba ta da haƙuri da kuskure, kuma tayarta ce babban dalili. Lambobin da ke rubuce a gefen taya suna ba da labari. A motar gida za ka iya ganin 205/55, wato faɗin tayar milimita 205 ne, tsayin bangonta kuma kashi 55 cikin 100 na faɗin, kusan milimita 113 ke nan. Ku kwatanta da Porsche 911 Carrera S ƙirar 2019, wadda ke ɗaukar 245/35 a gaba da 305/30 a baya. Bangon tayar gaba kusan milimita 86 ne, na baya kusan 92, ga faɗi har milimita 305. Misali kawai na kawo, ba ita ce motar labarinmu ba. Taya mai dogon bango takan lanƙwasa ta shanye ƙaramin kuskure. Mai gajeren bango da faɗin tafi ba ta da inda za ta ɓoye shi, sai ta miƙa shi ga sitiyari, ta kuma biya da jikinta. Ga shi robar irin waɗannan tayoyi mai taushi ce, an yi ta don ta kama ƙasa, saboda haka ta fi saurin suɗewa.

Dalili na biyu shi ne, tun daga kamfani ana ba irin waɗannan motoci kambar da ta fi ta motar gida karkata ciki. Littafin da kamfanin Chevrolet ke bayarwa tare da motarsa Corvette ma yana kawo lissafi na musamman na filin tsere mai kamba mai yawa, ya kuma gargaɗi mai motar cewa lissafin filin tsere yana cin taya. To, in nauyi ya riga ya taru a gefen taya na ciki saboda kamba, sa'an nan ƙafar ta ware, duk gogayyar a wannan siririn gefe za ta sauka. Abin tsoro a nan shi ne, mai mota zai duba tayarsa daga waje ya ga zanenta cif, alhali can ciki, inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa, waya ta kusa fitowa.

Dalili na uku shi ne gudun kansa. Kusan kowace mota ana ɗan tsuke ƙafafunta na baya don su riƙe bayanta ya natsu. In suka ware, a cikin gari ba za a ji kome ba. Amma a gudun babbar hanya, musamman a kwana ko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar yakan nemi ya wuce gabanta. Rawar da Alhaji yake ji ke nan, kuma ita ce ta fi kome haɗari a cikin koke-kokensa, ko da yake tayoyin ne suka fi damunsa.

Motocin zamani kuma suna da na'urar hana sulɓi, wadda kamfanonin Mercedes-Benz da Bosch suka fitar a 1995, ta kuma zama tilas ga sababbin motoci a Amurka daga ƙirar 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Wannan na'ura tana kwatanta inda sitiyari ya nuna da inda motar ke tafiya, in ta ga saɓani sai ta kama birkin wata ƙafa. Ke nan in sitiyari a karkace yake a miƙaƙƙiyar hanya, labarin da ke isa ga kwamfutar motar ba daidai ba ne. Shi ya sa bayan an daidaita ƙafafu ake sake saita ma'aunin sitiyarin.

DAGA KAMFANI ZUWA HANNUN MAI SAYE

Yanzu mu amsa tambayar Alhaji. I, sabuwar mota tana iya zuwa da karkatacciyar ƙafa, kuma hanyoyin da hakan ke faruwa sanannu ne.

A kamfani, ana daidaita ƙafafun kowace mota a ƙarshen layin ƙira, cikin ɗan taƙaitaccen lokaci, domin wata motar na biye. Lissafin da ake bi kuma yana da iyaka ta sama da ta ƙasa, duk abin da ya faɗa tsakani an yarda da shi. Saboda haka ƙafar dama tana iya tsayawa a bakin iyakar sama, ta hagu a bakin iyakar ƙasa, kowacce ta ci jarrabawa, amma bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya sa motar ta riƙa ja. Bayan haka, sababbin sifirin da robobin da ke gaɓoɓin ƙafa sukan ɗan zauna bayan an fara hawa, motar ta ɗan sauka, kusurwoyin kuma su ɗan motsa.

Sai kuma doguwar tafiya. Motar da aka ƙera a Turai ko Amurka ko Japan za a hau da ita tirela ko jirgin ƙasa, a shiga da ita jirgin ruwa, a ɗaure ta makonni, a sauke ta, a sake ɗora ta a wata tirelar. A kowane mataki wani ne dabam ke tuƙa ta a kan gangara, ga ta gajera, wani ne dabam kuma ke ɗaure ta. Ƙa'ida ita ce a ɗaure ta tayoyi ko ta wuraren da kamfani ya tanada a jikinta. In mai ɗauri ya ga wani ƙarfe a ƙarƙashi ya maƙala igiyarsa ya tamke, mai yiwuwa ƙarfen da ke riƙe da saitin ƙafa ya kama, kuma ba don ɗaukar irin wannan ja aka yi shi ba.

Saboda wannan tafiya, kamfanoni da dama sukan yi wa mota shiri biyu. Sukan cika tayoyinta da iska fiye da ƙa'ida don kada gindinsu ya lotse saboda daɗewa a tsaye. Sukan kuma cusa wasu tubalan roba a cikin sifirin ko a jikin shakazoba, don kada motar ta yi ƙasa ta bugi wani abu a hanya. Aikin dillali ne, kafin ya miƙa makulli, ya cire tubalan nan, ya rage iska, ya gwada motar a titi. In bai yi ba, mai saye zai karɓi motar da ba ta riga ta sauka daga shirin tafiya ba.

ABIN DA AKA GANO

Maigidana a garejin, dattijo ne wanda ya daɗe a sana'ar, bai ce wa Alhaji kome ba sai, "A ba mu awa guda." Ya sa ni na auna iska tukuna. Kowace taya ta haura abin da takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce, da tazara mai yawa. Muka rage. Aka ɗaga motar sama, ya haska fitila a ƙafafun gaba, ya ce, "Ɗan makaranta, zo ka duba nan." Ga tubalan roba masu launi a maƙale, ɗaya a kowane ɓangare. Taurin gaban motar ya sami bayani. Muka cire su, aka zagaya da motar don sifirin su zauna, domin ba a auna ƙafa sai mota ta tsaya a tsayinta na ainihi, a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Daga nan aka maƙala alluna a ƙafafu huɗu, kamarorin na'ura suka karanta. Ƙafafun gaba ba su da wani laifin kirki. Ƙafar baya ta dama ta tsuke da digiri 0.1, yadda ake so. Ta hagu kuwa ta ware da digiri 0.5. Mu yi lissafin tare. Tsukewar ƙafar dama na nufin ta kalli hagu da 0.1. Warewar ƙafar hagu na nufin ita ma ta kalli hagu da 0.5. Tsaka-tsakinsu 0.3 ke nan zuwa hagu, kuma nan ne bayan motar zai bi. Shi ya sa hancinta ke neman dama, shi ya sa sitiyari ke karkace zuwa hagu. In kuma aka auna kowace ƙafa da wannan hanya da motar ke bi, za a ga ta hagu ta kauce waje da 0.2, ta dama ma ta kauce waje da 0.2. Wato mita 3.5 na jan kaikaice a kowane kilomita, a kilomita 3,000 kuwa ya haura kilomita 10. Ƙafa ɗaya ce ta karkace, amma taya biyu suka suɗe. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amma na'ura ta faɗi abin da ya karkace ne kawai, ba ta faɗi wanda ya karkatar ba, kuma aikin yaron nan a kan wannan ya rataya. Sai maigida ya koma ƙarƙashin motar. Ya ce ramin da zai iya lanƙwasa ƙarfen ƙafa a mota mai irin wannan siririyar taya, da wuya ya bar rim ba tabo ko ya bar bangon taya ba kumburi. Muka juya ƙafar muka duba ciki da waje, ba ko ƙwarzane. Ya bi ƙarafan da hannu ɗaya bayan ɗaya, har ya iso ga siririn sandan da ke bayan ƙafar, wanda ke riƙe da saitinta. Ya ɗan yi baka zuwa ƙasa, kuma a tsakiyarsa fenti ya goge, faɗin kamar yatsu uku, daidai faɗin igiyar ɗaure kaya. Sanda in ya lanƙwasa ya gajarta ke nan, in ya gajarta ya jawo bayan ƙafar ciki, gabanta kuma ya buɗe waje.

Aka kira Alhaji ya sunkuya ya gani da idonsa, aka kuma ɗora masa tubalan roba a tafin hannu. Ya daɗe yana juya su bai yi magana ba. Can ya dubi yaron ya ce, "To, je ka ka kawo ɗaya motar mu tafi gida." Iyakar abin da ya ce ke nan a gabanmu, amma da aka zo karɓar motar bayan sabon sandan ya iso, yaron ne ya zo da makulli. Lanƙwasasshen ƙarfe kuwa canza shi ake yi. Wanda ya murɗa noti har na'ura ta nuna kore alhali ƙarfen yana nan a lanƙwashe, ya rufe ciwo ne da tsumma.

BA KOWANE JA NE LAIFI BA

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen, don kada wani ya fita daga nan ya riƙa tuhumar dillalai a kan kome. Ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya, ya gangara gefe da misalin kashi 2 cikin 100, don ruwan sama ya wuce. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, gangarar da muke bi zuwa dama take, don haka lafiyayyar mota ma in an saki sitiyari a hankali za ta lallaɓa dama. Faffaɗar taya kuma tana son bin sawun da manyan motoci suka lotsa a kwalta. Wani lokaci ma tayar ce aka ƙera da ɗan rashin daidaito, ana gane wannan in aka musanya tayoyin gaba ja ya koma ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma tsalle-tsallen da ƙafafun gaba ke yi in an murɗe sitiyari har ƙarshe ana tafiya a hankali, musamman da sanyi. Asalinsa shi ne, a kwana ƙafar ciki tana bin ƙaramin da'ira, ta waje tana bin babba, don haka ya kamata ta ciki ta fi juyawa. Wani maƙerin keken doki na birnin Munich a Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara haɗin ƙarafan da ke yin haka, wakilinsa Rudolph Ackermann ya yi masa rajista a Ingila a 1818, har yau kuma da sunan Ackermann ake kiransa. Masu ƙera motar gudu sukan rage bin wannan tsari don motar ta fi kama ƙasa a kwanar gudu, sai faffaɗar tayar ta riƙa ɗan tsalle a wurin ajiye motoci. Littafin Corvette ya ambaci wannan a matsayin abin da aka saba.

WA ZAI BIYA?

Nan ne labarin bai yi daɗi ba. Dillali ya ce lafiya lau motar ta bar hannunsa, a tambayi masu tirela. Masu tirela suka ce da aka sauke ta ba wanda ya yi ƙorafi. Tabon igiya bai nuna ko a jirgi aka yi shi ko a tirela ba. Ba takardar awo ta ranar karɓa, ba hoton kome, ga shi wata biyu sun wuce. Alhaji ne ya sayi sanda, ya sayi taya biyu, ya biya kuɗin aiki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin tun makon farko ya ji motar tana ja, ya ce halin motar gudu ne.

Dokoki suna nan. A Amurka, jihar Connecticut ce ta fara kafa dokar mayar da sabuwar mota mai naƙasa a 1982. A Ingila, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa. A Nijeriya ma akwai dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019, da hukumar da ke karɓar ƙorafi. Amma kowace doka shaida take nema, kuma saitin ƙafa abu ne da rami guda ke iya ɓatawa, shi ya sa kowace rana da ta wuce tana raunana hujjar mai saye.

Don haka wanda zai karɓi sabuwar mota, tasa ce ko ta ma'aikatar da yake wa aiki, ya tuƙa ta a miƙaƙƙiyar hanya kafin ya sa hannu. Ya duba iska, ya sa a leƙa ƙarƙashi a gabansa. Ya nemi a auna ƙafafu huɗu a ba shi takardar awo mai kwanan wata, wadda ta nuna yadda suke kafin gyara da bayan gyara, ya kuma kwatanta dama da hagu da kansa. In ya ga laifi ya kai kuka a rubuce a ranar. Daga baya kuma ya riƙa shafa tafin taya da hannu har can ciki. In ya ji zanen yana da santsi ta ɓangare ɗaya da kaifi ta ɗayan, kamar haƙoran zarto, ƙafar tana gogawa ke nan. A Ingila da Tarayyar Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, kuma a jikin taya akwai 'yan tudu a cikin zanen da ke nuna an kai wannan iyaka.

KAMMALAWA

'Yan'uwana ɗalibai, kaɗan ne a cikinmu za su mallaki irin wannan mota. Amma da yawanmu za mu zama injiniyoyi, da jami'an sayen kaya, da shugabannin ma'aikatu, waɗanda za su sa hannu a takardar karɓar motocin asibiti da bas-bas na jama'a, kuma kusurwoyin nan uku suna ƙarƙashin kowaccensu. Za kuma mu sami mutane a ƙarƙashinmu, waɗanda in abu ya lalace su za a fara nunawa da yatsa, domin su ne ba su da bakin musu.

Alhaji ba mugun mutum ba ne. Ya dai yarda da sunan kamfani fiye da maganar yaronsa, kuma da yawanmu abin da za mu yi ke nan. Abin da ya raba gardamar awa guda ce ta awo, da dattijon da ya yarda ya sake komawa ƙarƙashin mota bayan na'ura ta gama nata. Roƙona shi ne, duk ranar da hukunci ya zo hannun ɗayanmu, ya nemi wannan awa guda kafin ya yanke.

Malam Shugaba, a nan zan dakata. In akwai tambaya ko gyara, musamman daga malamaina, ina maraba da su.